Tiyon Birkin Babur ɗin Baba

Babur ɗin da Baba ya rasu ya bari ba a raba shi a gado ba. An raba gonaki da awaki, har gyaɗar da ta rage a rumbu an auna an raba, amma da aka zo kan babur sai Inna ta roƙi a bar mata shi a gida, duk wanda buƙata ta kama ya hau. Mu biyu ne maza, ni da Yaya, kuma duk muka yarda. Makulli ɗaya ne, yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin Inna. Wanda zai fita sai ya yi sallama, ya gaishe ta, ya faɗi inda za shi, sannan ya miƙa hannu ya ɗauka.

Tsohon babur ne ɗan Japan, mai faɗin kujera, wanda Baba ya saya a hannu tun muna samari. A duk Tudun Kaya ban san mai irinsa ba. Sauran babura birkinsu na gaba waya ce, ka ja ta ja. Namu kuwa da mai yake aiki. Akwai ɗan kofin mai a kan babur ta hannun dama, daga nan wani baƙin tiyo na roba ya sauko ya bi ƙafar gaba har zuwa wani faranti da ke jikin taya. In ka matsa hannun birki, sai man ya bi tiyon ya je ya sa a ciji farantin. In tiyon ya fashe, hannunka zai tafi a banza, babur kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Baba da kansa ya nuna min haka lokacin da yake koya min tuƙi, ya ce birkin hannu da na ƙafa tare suke aiki, a hankali, kada ɗaya ya riga ɗaya.

Ni mutum ne da ba na iya hawa abu ban zagaya shi ba. Ina danna taya, in girgiza sarƙa, in leƙa tanki ko da jiya ni na zuba mai. Yaya kuwa yana taimaka wa dagaci da aike-aike, kusan kullum yana hanyar Karaye, kuma shi hawa kawai yake yi. Duk ranar da ya dawo da babur sai in tarar jar ƙasar hanya ta kwanta lumui a kan hannun birki. In ɗauko tsumma in goge, ina mita a raina cewa wannan bawan Allah bai san tsabtar abu ba.

A wajen gogewar nan ne wata safiya, farkon damina, na ga abin. A daidai inda tiyon ya lanƙwasa kusa da fitila, wani ƙululu ya fito kamar kaska ta sha jini. Na matsa birki, ya kumbura. Na saki, ya ɗan lafa. Na tsuguna a zaure ina matsawa ina saki har kunun da aka dama min ya huce.

Na sami Yaya yana alwala, na jira ya gama, na gaishe shi, sannan na ce ina so ya zo ya ga wani abu. Ya zo ya sunkuya ya kalla kamar mai kallon tururuwa. Ya tambaye ni ko babur yana tashi, na ce yana tashi. Ya tambaya ko yana tsayawa, na ce yanzu dai yana tsayawa. Ya ce to alhamdulillahi, ya karkaɗe rigarsa ya shiga ya ɗauki makulli.

Muna da makanike a dangi, ɗan kawuna, wanda ke da rumfa kusa da tashar Karaye. Shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, don haka tun muna yara yake kirana bawansa, kuma ba ya iya faɗar magana ɗaya ba tsokana a ciki. Da na kai masa babur ya matsa ƙululun da babban yatsa.

"Bawana, yau dai wasiwasinka ya haifi ɗa mai ido," in ji shi. "Wannan ya gama aiki."

Ya ce irin na robar nan na wannan samfurin an daina kawowa, ko a Kano da wuya. Amma akwai masu haɗa tiyo na manyan motoci a Ƙofar Ruwa, suna yin wani mai saƙar waya a jiki, kamar kitso, wanda ba ya kumbura. Su yanka daidai tsawon da kake so, su danne masa baki da inji. Sai dai dole a kai musu tsohon, su ga tsawonsa, su ga yadda bakunansa suka karkata, su ga haƙoran notin da ke ɗaure shi, domin wani noti haƙoransa ƙanana ne wani manya, kuma da ido kusan ɗaya suke.

Nan maganar ta tsaya. In an cire tsohon tiyo babur zai kwana biyu a ajiye, Yaya kuwa ya ce ba a kwance abin da yake aiki. Na faɗa masa ta nan, na faɗa masa ta can. Ya ce aikin dagaci ba ya jiran tiyo.

A wajenmu mutum ba ya tashi takanas ya tafi Kano saboda abu ɗaya. Saƙo ake bayarwa. Ko takalmin salla za a saya wa yara, sai a karya tsinken tsintsiya daidai tafin ƙafar yaro a ba mai zuwa birni. Ni ma na yi haka. Na sami igiyar rama, na ɗora babur a kan babban jak yadda tayar gaba za ta yi lilo, kamar yadda ɗan kawuna ya ce, na juya kan babur dama da hagu don kada tiyo ya yi gajere a kwana, na bi da igiyar duk inda tsohon ya bi, na ƙulla ƙulli a nan na ƙulla a can. Na kwance na sake aunawa, don ban yarda da na farko ba. Sannan na kai wa maƙwabcinmu, direban motar da ke jigilar Kano. Na yi masa bayanin saƙar waya, na yi masa bayanin baki mai zobe da noti mai rami, na maimaita har ya fara ɗaga hannu yana gaishe da mutanen da ba su ma kalle shi ba.

Da ya dawo ya aiko a kira ni, fuskarsa cike da fara'a. Ya zaro abin daga leda yana sheƙi. Saƙar waya kam akwai ta, fara tas. Amma kaurinsa ya kai yatsa, kuma bakunansa wasu manyan notuna ne masu baƙar roba a ciki. Na tambayi igiyata. Ya ce ai wata fasinja ce zakaranta ya kwance a mota, aka rasa abin ɗaure masa ƙafa, aka ari igiyar, ita kuma ta sauka a hanya da zakaranta da igiyar duka. Amma kada in damu, ya riga ya gwada ta a damtsensa tun kafin su tashi. Da na tambayi inda ya saya, sai ya ce wani shago ne na masu kayan famfo, kuma mai shagon ya rantse masa ba ya yoyo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne dole in gode. Mutum ya yi maka alheri, ya bar motarsa a tasha ya shiga kasuwa saboda kai. Na yi godiya, na sa albarka, na tambayi iyali, na fito.

Ɗan kawuna ya yi dariya har sai da ya zauna a kan taya. Ya ce wannan na wajen wanke hannu ne a gidajen birni, amma in ina so zai haɗa min, in na matsa birki ruwa ya fito in yi alwala. Daga baya ya ɗan gyara fuska ya ce da za a sami mahaɗi wataƙila ya shiga. Har yau ban san ko da gaske yake ba. Na karɓe abina da sauri na saka a aljihu kafin ya gwada. Yanzu haka shi ne mariƙin bokitin Inna, kuma gaskiya bai taɓa tsinkewa ba.

Na gwada Rogo ma. Ranar kasuwa na je Sabon Garin Rogo wajen wani mai kayan kwance, ya tona buhu ya fito min da baƙin tiyo da aka cire daga wani mataccen babur. Ya ce na asali ne, irin wanda ba a yi yanzu. Na lanƙwasa shi a gabansa, jikin ya buɗe da ƙananan tsagogi kamar dugadugin manomi. Ya fizge abinsa ya ce in ba saya zan yi ba kada in karya masa kaya. Na ba shi haƙuri. Ni da aka so a sayar wa ajali, ni na ba da haƙuri.

Haka damina ta yi nisa, ƙululu yana ƙara girma, ni ina hawa da addu'a in tafi kamar mai rakiyar amarya, Yaya yana hawa yana fito.

Sai aka aiko daga Fulatan, inda yayarmu mace take aure, cewa an yi wa ɗanta na fari haihuwa. Tattaɓa-kunnen Inna na farko ke nan. Inna ta ce ranar suna da ita za a yi. Mota ba ta shiga ƙauyen da damina, bayanta kuma ba ya jure siririyar kujerar 'yan acaɓa. A babur ɗin Baba za ta je, kuma Yaya ne zai ɗauke ta, domin shi ne babba.

Na san hanyar nan. In ka wuce Rogo ka saki kwalta, akwai wani rafi da ke kwance a ƙasan kwari. Ka gangaro ta wannan gefe, ka haye kwalbati, ka hau ta wancan. Ruwa ya zaizaye gangaren, tsakuwa ce sako-sako a kan jar laka, kuma nan shanu suke saukowa shan ruwa. Tun daga ranar da aka kawo labari, ko me nake yi sai in ga Inna a bayan babur a kan gangaren nan, Yaya ya matsa hannu, tiyo ya fashe.

Na shiga wajenta na zauna a bakin ƙofa. Ba a ce wa uwa za ki faɗi ki karye. Na yi ta kewaye, na ce hanya ba kyau, na ce ko a bari sai an yi arba'in. Ta saurare ni tana tsince wake.

"Auta, tun kana ƙarami haka kake," ta ce. "Kunu in da zafi ka ƙi, in an fifita maka ka ce wa ya san abin da ya faɗa ciki. Yayanka zai kai ni, Allah zai dawo da ni."

Idona yana kan makullin da ke bayan ƙofa. Da na ɗauke shi na saka a aljihu da magana ta ƙare. Amma wanda ya ɗauke makullin nan bai faɗi inda za shi ba, kamar ya ce ne babur nasa ne shi kaɗai, kuma irin wannan magana in ta shiga gida ba ta fita. Sai na yi wata dabara da na ga ta fi ladabi. In na cire tiyon na tafi da shi Kano, babu wanda zai ce na hana kowa komai. Babur ne kawai ba shi da birki, kuma babu mai hankalin da zai hau babur ba birki.

Ana gobe suna, da sassafe, bayan Yaya ya taka zuwa gidan dagaci, na ɗauko sufanar da na aro wajen ɗan kawuna. Na tsiyaye man a gwangwani, na kwance notin sama da na ƙasa, na ɗaure ramukan da leda don kada ƙasa ta shiga. Na nannaɗe tiyo da notunansa a tsumma. Na ce wa mai ɗakina ta faɗa wa Yaya kada kowa ya taɓa babur, yau ɗin nan zan dawo da sabo. A mota ma na kira shi a waya na faɗa masa da bakina. Ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Na ji sanyi a raina, na ɗauka mun gama magana.

Ƙofar Ruwa ba wurin mai wasiwasi ba ne. Kowa na jan rigarka, kowa yana da abin da kake nema tun kafin ka faɗa. Na riƙe tsummana da hannu biyu har na sami rumfar da ɗan kawuna ya kwatanta min, inda tiyo yake naɗe a manyan ƙafafun katako, wani kamar cinya wani kamar tsinke. Mai rumfar ya karɓi tsohon ya shimfiɗa a benci, ya fara yi min tambayoyi. Ina son mai rigar roba a kan wayar ko tsirara? Na ce mene ne bambanci. Ya ce tsirara ya fi kyau a ido amma yana goge fenti, yana cin wayoyin fitila in suna gugar juna. Na ce mai riga. Baki na ƙarfe ko na alminiyom? Na ce wanne ne ba ya karyewa. Ya ce duka ba sa karyewa. Na ce wanne ne ya fi rashin karyewa. Ya kalle ni ya ɗauko na ƙarfe. Sannan ya baje min launuka, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya ce samari sun fi son ja. Ni da uwata za ta sauka gangare gobe, ana tambayata launi. Na ce baƙi.

Bakin sama a miƙe yake, na ƙasa a ɗan karkace. Na sa ya ɗora sabon a kan tsohon, na sunkuya na duba ta gefe, na sa ya juya na duba ta ɗaya gefen. Na ce ya murɗa tsohon noti na gani ko ya shiga zoben ba takura. Ya ce notunana lafiya lau suke, washa kawai zan sake, ƙananan zobban jan ƙarfe da ake sawa sama da ƙasa, domin in an taɓa ɗaure su sau ɗaya sun gama. Na ce ya ƙara min wasu ko ɗaya zai faɗi a ƙasa.

Ya yanka tiyo, ya zura bakuna, ya ɗauka zai kai ga injin dannewa, sai aka ɗauke wuta. Na tambayi janareta. Ya ce yana wajen gyara. Na tambayi maƙwabta. Ya ce injinsu na manyan tiyo ne, ba shi da haƙorin da zai kama ƙarami irin wannan. Ya ce in zauna, yanzu za a kawo. Na zauna. Aka yi azahar, aka yi la'asar, masu rumfuna suka fara jan ƙofofi. Wani maƙwabcinsa ya ce in ina sauri a danne min da guduma da kurfi, haka suke yi wa masu tifa in ta kama. Na rungume tiyona na ce Allah ya saka da alheri.

A shagon wani ɗan garinmu na kwana. Na kira Yaya na ce abin ya ci tura sai da safe, a ɗan jira ni, ko da rana ma ana zuwa suna. Ya sake cewa to.

Da hantsi aka kawo wuta. Dannewar kanta ba ta kai a sha ruwa ba. Na roƙi mai rumfar ya riƙe baki ɗaya ni in riƙe ɗaya mu ja. Ya ce bai taɓa ganin irina ba, amma ya riƙe, muka ja har benci ya motsa. Bai zame ba.

Rana ta take tsaka lokacin da na isa gida. Na yi sallama a zaure, ba babur. Sai ɗigon mai a ƙasa inda na tsiyaye jiya, da sawun taya ya fita ya yi yamma. Mai ɗakina ta ce tun da safe suka tafi, Inna da sabon mayafinta da ƙullin turamen barka a cinya. Ta ce ta tuna wa Yaya maganata, ya ce to, ya shiga ya ɗauki makulli.

Ban zauna ba. Na tari ɗan acaɓa zuwa Karaye, na tarar ɗan kawuna yana rufe rumfa, shi ma sunan za shi. Na ce ya ɗauko man birki da kayan aiki, muka hau babur ɗinsa. Da ya ga fuskata bai tsokane ni ba sai da muka wuce rabin hanya. Na yi ta kiran wayar Yaya ba ta shiga. Duk inda na hango mutane sun taru a bakin titi sai in ce ya rage gudu, mu ƙarasa in ga rake ake saya. A kan gangaren na sa ya tsaya, na sauka na bi da ƙafa ina duba ƙasa. Na ga wani wuri da taya ta ja dogon layi a laka ta karkace, da sawun takalmi a gefe. Ban ga jini ba, ban ga fasasshen gilashi ba. Ɗan kawuna ya ce in hau mu tafi, in ba so nake in tambayi shanu ba.

A ƙofar gidan suna, ƙarƙashin mangwaro, ga babur ɗin Baba a jingine, ledojina suna nan ɗaure, hannun birki yana lilo. Ga Yaya a kan tabarma cikin dattawa, ya naɗe hannun riga yana cin waina. Na so in tafi kansa kai tsaye, amma ba a haka. Sai da na tsuguna na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina wuni, ina gajiya, barka da arziki, Allah ya raya, ya ruwa, ya amfanin gona. Wani tsoho mai nauyin ji ya riƙe hannuna ya tambayi kowa a gidanmu har da waɗanda suka rasu. Sai da na gama kaf sannan na matsa kusa da Yaya na rage murya.

"Yaya, da wane birki kuka sauko gangaren rafi?"

"Da na ƙafa mana, kamar kullum."

"Na gaba fa? Ai babu tiyo."

"Wa yake taɓa birkin gaba?" in ji shi, yana tsoma waina a miya. "So kake ya kifar da ni? Ni tun da keke ya wurgar da ni a gaban makaranta ban sake kai hannuna wurin ba."

Bai rage murya ba, don haka dattawa suka shigo maganar. Duk suka goyi bayansa. Wani ya ce birkin gaba na masu tsere ne. Wani ya ce shi ranar da ya sayi babur ya sa aka cire wayar gaba ɗaya don kada yara su ja. Na juya wajen ɗan kawuna ko zai taimake ni, sai ya ce gaskiya da yawa suna kawo masa ya cire, shi kuma yana cirewa, yana tara wayoyin yana sayar wa irina. Aka yi dariya. Ni kuwa jar ƙasar nan nake tunawa, wadda nake gogewa a hannun birki shekara da shekaru ina zargin Yaya da ƙazanta.

Ban ci wainar ba. Na ja ɗan kawuna muka tafi gindin mangwaro. Tiyon ya zauna daidai, bakin ƙasa ya karkata inda ya kamata, na juya kan babur dama da hagu bai ja ba. Muka sa sababbin washa, ya cika kofi da mai, ya tsuguna wajen ɗan ƙaramin notin da ke ƙasa don fitar da iska. Yana cewa matsa, riƙe, saki, ni ina yi, kumfa tana fita. Da ya ce ya isa na ce a ƙara. Da ya sake cewa ya isa na ce a ƙara kaɗan. Ya ce in na ƙara cewa a ƙara zai sayar da ni a kasuwar Rogo ya huta. A ƙarshe hannun birki ya yi tauri, ka taɓa shi kaɗan ka ji ya kama.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai wuya. Sabon tiyo ba zai amfani Inna da komai ba in wanda zai mayar da ita ba ya taɓa shi. Ni kuma ba ni da bakin da zan ce wa Yaya a gaban surukai ya ba ni babur.

Ina tsaye ina goge hannu aka ce Inna tana kira. Na same ta a ɗakin yayarmu, jaririn a cinyarta. Ta miƙo min shi na yi masa addu'a. Da matan suka ɗan fita, ta ce a hankali, ba ta kalle ni ba, wai a gangaren nan bayan babur ya yi ta kaɗa wutsiya kamar kifi, Yaya ya sauke ƙafafu biyu yana jan ƙasa, ita kuma ta rufe ido ta riƙe turamenta. Ta ce ba ta faɗa wa kowa ba, kuma kada in faɗa. Sannan ta aika a kira Yaya. Da ya zo ya tsuguna, ta ce masa shi ne babba, bai kamata ya bar gidan 'yar'uwarsa baƙi ba su watse ba. Ya zauna ya sallami mutane, ɗan kawu zai kawo shi. Ita ta gaji, ga hadari yana haɗuwa, Auta ya kai ta gida. Yaya ya ce to, ya zaro makulli ya miƙo min, har da ce min in yi hankali da birkin gaban nan.

Yayyafi ya fara kafin mu kai rafi. Na tsaya a saman gangaren na ce Inna ta riƙe ni da kyau. Na saki babur, ƙafa a kan na baya, yatsu biyu a kan na gaba, ina taɓawa kamar mai taɓa ƙwai, domin yanzu sabon tsoro ya kama ni, kada ya kama da ƙarfi ya tabbatar da maganar dattawa. Bai yi ba. Muka sauka a miƙe, a hankali, har wata saniya da ke gefe ta riga mu isa kwalbati. Inna ta ce in haka za mu tafi gara ta sauka ta taka, ta fi sauri. Ban ƙara gudu ba. Kafin magariba na sauke ta a ƙofar ɗakinta, na mayar da makulli kan ƙusa.

Washegari na zagaya babur kamar yadda na saba. Tiyo lafiya lau, ba ɗigo ko ɗaya. Sai na tsuguna ta ɗaya gefen na duba sandar birkin baya, wadda ita kaɗai take tsayar da Yaya tun rasuwar Baba. A inda take shiga ramin feda ta cinye ta zama siririya kamar tsinken tsire. Na je na sami Yaya yana alwala, na jira ya gama, na gaishe shi, na ce ina so ya zo ya ga wani abu. Ya tambaye ni ko babur yana tashi.